Zoben Baiko Mai Daimon: Inda Ake Ragewa da Inda Ba a Ragewa

Da lokacin bukukuwa ya kama, wasiƙun da ke zuwa wannan shafi daga Abuja suka karkata kan zoben baiko mai daimon, wato lu'ulu'u. Mun taƙaita wasu daga cikinsu, ga amsoshin.

Tambaya: Assalamu alaikum. An sa mana rana bayan Babbar Salla. Wadda zan aura tana son zoben daimon, abin da na ware Naira dubu 800 ne, ga lefe bai kammala ba. Abokaina sun ce albashin wata biyu ake kashewa a kansa. Daga ina zan fara? (Wani ma'aikaci daga Kubwa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Maganar albashin wata biyu talla ce. Kamfanin daimon na De Beers ne ya yaɗa ta a Amurka a ƙarni na 20 don a sayi hajarsa, babu ita a addini, babu ita a al'adarmu. Abin da ya wajaba a kanka sadaki ne, mafi ƙarancinsa a Malikiyya rubu'in dinari, wato giram ɗaya da ɗan ɗoriya na zinare. Saboda haka ka gama da sadaki da lefe da kuɗin haya tukuna. Abin da ya saura shi ne na zobe, kuma kada ka ci bashi dominsa.

Farashin zobe kashi uku ne: gwal ɗin, dutsen, da kuɗin aiki. Mai shago zai so ya ba ka farashi ɗaya a dunƙule. Ka ce ya rarraba maka. Zoben mace na gwal karat 18 mai dutse ɗaya yakan kai giram biyu da rabi zuwa uku. Ka shiga layin 'yan gwal na Kasuwar Wuse, ka tambayi farashin giram na ranar a shago uku, ka lissafa. Yadda gwal ya yi tsada, ƙarfen kaɗai zai iya lashe kusan rabin kuɗinka. Ragowar ita za ka tunkari dutse da ita.

Abu huɗu ke yanke wa daimon farashi: nauyi, launi, tsabta da yanka. Uku ana iya ragewa a cikinsu, ɗaya ba a taɓa shi.

Wanda ba a taɓawa shi ne yanka. Daimon mai zagaye fuska 57 ko 58 gare shi, an jera su ne don hasken da ya shiga ta sama ya bugi ƙasa ya dawo ido. Idan mai yankan ya bar gindin ya yi zurfi, haske zai zube ta gefe, tsakiyar dutsen ta yi duhu. Idan ya yi shi faifai, haske ya wuce ta ƙasa, dutsen ya zama kamar fasasshen kwalba. Masu yanka suna barin zurfin da gangan don dutsen ya cika nauyin da ake so, kai kuma ka biya kuɗin nauyin da ke ɓoye a ƙarƙashin zobe, ba wanda zai gan shi. Hanyar kama wannan mai sauƙi ce, ka duba faɗin dutsen a takardar shaidarsa. Mai karat 0.30 (karat na nauyin dutse, ba irin na gwal ba) ya kamata ya kai kusan milimita 4.3, mai 0.50 kusan 5.1, mai karat ɗaya kusan 6.4 zuwa 6.5. In an ce maka rabin karat ne amma faɗinsa 4.8, ka ajiye musu kayansu. A gurbin yanka, takardar ta nuna Excellent, ko aƙalla Very Good.

Nauyi kuwa, karat ɗaya na daimon giram 0.2 ne kacal. Farashi ba ya hawa a hankali, tsalle yake yi a kan cikakkun lambobi: 0.50, 0.70, 1.00. Ka tsaya a ƙasa da su kaɗan. Mai 0.45 da mai 0.50 bambancin faɗinsu bai wuce kashi biyu cikin goma na milimita ba, a yatsa ba mai ganewa, amma a aljihu za ka ji.

Launi ana jera shi daga D zuwa Z. D, E da F su ne farare tas, su ne kuma masu tsada. In zoben jan gwal ne, sayen D asara ce, domin launin gwal ɗin zai shiga cikin dutsen ko ta yaya. I ko J sun wadatar. In farin gwal ne, ka tsaya a G ko H. Tsabta ita ma haka: ana duba ta ne da madubin da ke ninka girma sau 10, amma amaryarka da ido za ta kalla. A matakin tsabta na VS2 ko SI1, a ƙaramin dutse yawanci ba a ganin wani tabo. Ka guji I1 zuwa ƙasa, ka kuma guji dutsen da tsagarsa ta kai baki, don daga nan yake ɓallewa in ya bugu.

Gaskiyar lissafinka ita ce, in daimon na haƙa kake so, ɗan ƙarami ƙwarai za ka samu. Ana taimaka masa ta hanyar kewaye shi da zagayen ƙanana, ko a zaɓi mai siffar ƙwai, wanda ya fi mai zagaye sauƙin kuɗi kuma ya fi cika yatsa. In kuma girma take so, karanta amsa ta gaba. Abu na ƙarshe: fitilun shagon gwal an saita su ne don komai ya yi walƙiya. Ka nemi a fito maka da dutsen bakin ƙofa, ka gan shi a inuwa da hasken rana.

Tambaya: Na ga wata mai sayarwa a Instagram tana tallar zobe karat ɗaya a farashin da bai kai na ƙaramar waya ba. Ta nuna bidiyo na'ura ta yi ƙara a kansa, har da katin shaida. Yaudara ce? Kuma mene ne daimon na leb da ake ta magana? ('Yar'uwarku daga Gwarinpa)

Amsa: 'Yar'uwa, abu uku ake haɗawa a kira su da suna ɗaya, sai an raba su.

Na farko daimon na leb. Wannan daimon ne na gaske, sinadarinsa ɗaya da na haƙa, taurinsa ɗaya, 10 a ma'aunin Mohs na taurin duwatsu. A masana'anta ake yin sa cikin makonni, ko dai ta matsi da zafi mai tsanani, ko ta hanyar iskar gas mai kabon da ke taruwa a kan ɗan ƙwayar daimon har ta yi kauri. Ido ba ya bambance shi da na haƙa, maƙeri ma ba ya iyawa sai da na'ura ta musamman. Farashinsa ya faɗi warwas. A 2018 De Beers da kansa ya buɗe wani reshe mai suna Lightbox yana sayar da karat ɗaya dala 800, kasuwa ta ci gaba da sauka har a 2025 ya sanar da rufe reshen. Ga mai ƙaramin kuɗi da ke son daimon, a ganinmu wannan ne zaɓi mafi hankali, da sharaɗi biyu: a san cewa ranar sayarwa kusan ba shi da kasuwa, kuma a faɗa wa amarya ko na mene ne. Ɓoye mata shi ke jawo rigima daga baya, ba dutsen ba.

Na biyu moisanait. Ba daimon ba ne, amma dutse ne mai kyau, taurinsa 9.25, yana jure amfanin yau da kullum. Walƙiyarsa ta fi ta daimon yawan launuka, a rana za ki ga yana feso ja da kore da shuɗi. In aka leƙa shi da madubi ta gefe, layukan ƙasansa sukan fito biyu-biyu. Muna zargin shi ne a bidiyon da kika gani. Ƙaramar na'urar nan mai kama da biro saurin wucewar zafi take aunawa, moisanait kuwa yana wuce da zafi kusan kamar daimon, don haka za ta yi ƙara a kansa. Sai na'urar da ke auna wutar lantarki ce ke raba su. Katin da aka rubuta GRA a kansa, wanda ke biyo irin waɗannan zobba, ba shi da wata alaƙa da GIA, cibiyar da ke ba da takardar shaidar daimon, harafi ɗaya ne ya bambanta su kuma a nan mutane ke ruɗewa.

Na uku zirkoniya, ana rubuta shi CZ. Shi ne mafi arha, ya fi daimon nauyi da fiye da rabi, taurinsa 8 zuwa 8.5. Bayan shekara ɗaya ko biyu a hannu zai kakkarce ya dushe.

In an sayar miki da moisanait a matsayin moisanait, a farashinsa, ba laifi. Laifin shi ne a kira shi daimon. Tura kuɗi kuwa ga wanda ba ki san shagonsa ba cinikin biri a sama ne.

Tambaya: To in na shiga shago, ta yaya zan tabbatar abin da ke takarda shi ne a zoben? (Malami daga Nyanya)

Amsa: Malam, takardun da ake dogaro da su na cibiyoyin da ba sa sayar da dutse ne. GIA ta Amurka, wadda aka kafa a 1931, ita ta fito da tsarin D zuwa Z da duniya ke bi. IGI, wadda ta faro a Antwerp ta Beljiyam, ita aka fi gani a kan na leb. Takardar da shagon ya buga da kansa rasit ce kawai mai ado.

Kowace takarda tana da lamba. Ka shigar da ita a shafin intanet na cibiyar, nan take a wayarka, ka ga ko nauyi da faɗi da launi sun yi daidai da wanda ke hannunka. Wannan bai isa ba, domin ana iya haɗa takarda ta gaske da wani dutsen. Yawancin duwatsu masu takarda an zana musu lambar da hasken leza a ƙugunsu, wato siririn bakin da ke zagaye dutsen. Ka karɓi madubi ka karanta da idonka. Na leb kuma galibi an rubuta a wurin cewa na leb ne. In dutsen ba a ɗaure yake ba, a aza shi a sikeli gabanka, a auna faɗinsa. Ya fi kyau ka ga dutsen tsirara kafin a ɗaure shi, saboda ana ɓoye tabo da ɓalli a ƙarƙashin haƙoran zobe, wato siraran ƙarafan da ke riƙe dutsen.

Ƙananan duwatsu, irin na ƙasa da karat 0.20, ba kasafai ake yi musu takarda ba, kuɗin takardar zai yi musu yawa. A nan rasit ce kariyarka. A rubuta a ciki: na haƙa ne ko na leb, nauyin dutse, karat na gwal da giram nawa, da abin da shagon zai yi in ka dawo da shi. Mai shagon da ya ce rubutu ba dole ba ne tunda ana mutunci, ka yi masa sallama cikin mutunci. Gwajin hura numfashi da na karce gilashi da ake yaɗawa ba abin dogaro ba ne.

Tambaya: Ni a sanina gwal kadara ce, ranar buƙata a kai kasuwa. Ɗana ya kawo zobe karat 18, ni kuwa 21 na Saudiyya ko Dubai na sani. An cuce shi ne? Kuma in ta ɓaci nawa zai dawo? (Wata uwa daga Garki)

Amsa: Hajiya, ba a cuce shi ba. Karat 21 kashi 875 cikin dubu zinare ne, shi ya sa ake buga masa 875. Karat 22 shi ne 916, karat 18 kuma 750, karat 14 shi ne 585. Duk yadda zinare ya yi yawa, haka ƙarfen ke laushi. A sarƙa da awarwaro laushin ba matsala. A zobe mai dutse kuwa, 'yan siraran haƙora huɗu ko shida ne ke riƙe da abin da ya fi komai tsada. Na karat 21 sukan lanƙwashe in sun kama mayafi ko bakin jaka, dutse ya faɗi ba a sani ba. Shi ya sa ake ɗaure daimon a 18 ko 14.

Batun kadara kuma kina da gaskiya, kuma gara a faɗa ƙarara. Ranar da aka kai zoben nan Wuse, gwal ɗin za a auna, a cire nauyin dutse, a biya a farashin saye na ranar. Kuɗin aiki ya tafi. Dutsen kuwa, yawancin 'yan gwal ba sana'arsu ba ce, wasu ma ba za su saka masa kuɗi ba. Daimon na haƙa mai takardar GIA yakan sami mai saye, amma ƙasa sosai da yadda aka saye shi. Saboda haka in ajiya ake nufi, a zuba kuɗin a sarƙa da 'yan kunne na 21 marasa duwatsu a cikin lefe, a bar zoben ya zama na kwalliya, ƙarami daidai ƙarfi.

Ki sa a duba abu biyu. Lambar 750 da ke cikin zoben ana iya buga ta a kan komai, don haka a goga shi a dutsen gwaji a ɗiga ruwan gwaji, ko a sa shi a na'ura a shagon da ba nan aka saya ba. In kuma farin gwal ne, ki sani farin nan na sama shafen rodiyam ne. Yana goguwa, rawaya ta fara leƙowa ta ƙasan yatsa, sai an mayar an sake shafawa duk bayan shekara ɗaya ko biyu. Jan gwal ba ya buƙatar wannan.

Tambaya: Kawuna ya kawo mini wani farin dutse daga Jos, ya ce a wurin haƙar ma'adinai aka samo, yana karce gilashi. Zan iya sa shi a zoben baiko? (Ɗalibi daga Gwagwalada)

Amsa: Ɗan'uwa, gilashi taurinsa kusan 5.5 ne, duwatsu da yawa suna karce shi. Filato ƙasar kuza ce, kuma Jos babbar kasuwar duwatsun ado ce, amma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake haƙo daimon na kasuwa, irin su Botswana da Rasha da Kanada. Abin da ke fitowa daga wannan yanki su ne tofaz, akwamarin, tomalin, zirkon (ba zirkoniyar da muka ambata ba) da farin dutsen ƙanƙara. Farin dutse mai haske daga can, mafi yawa tofaz ne ko ƙanƙarar. Tofaz taurinsa 8, amma yana da layin tsagewa, bugu ɗaya a daidai wurin zai raba shi, kuma in ya yi datti walƙiyarsa ta mutu. Ka kuma lissafa cewa ɗanyen dutse yana rasa rabin nauyinsa ko fiye a wurin yanka.

In dutsen gida kake sha'awa, nemi safaya, wadda ake samu a Mambila da kudancin Kaduna. Taurinta 9, tana jure amfanin kullum, kuma shuɗinta yana kyau a jan gwal. Sai dai ita ma akwai ta roba da wadda aka cike tsagarta da gilashi, a kai wa masanin duwatsu ya gwada kafin a biya.

Tambaya: Ina so ya zama ba-zata. Ya zan san girman yatsarta? (Daga Lugbe)

Amsa: Ƙanwarta ko aminiyarta ta aro maka zoben da take sawa a wannan yatsar ta wannan hannun, maƙeri ya zura shi a sandar awo. Faɗin ciki milimita 16.5 shi ne lamba 6, 17.3 lamba 7, kusan 18.1 lamba 8. Yatsa tana kumbura da zafi, tana motsewa da sanyi, awon safiyar hunturu zai matse ta a zafin Maris na Abuja. In kana shakka ka ɗauki wanda ya ɗan fi girma, ragewa ta fi ƙarawa sauƙi da arha. Kada ka sayi mai duwatsu zagaye da ƙarfen gaba ɗaya, shi ba a iya gyara girmansa. Naka zoben kuma ya zama na azurfa mai lambar 925, tunda gwal bai halatta ga namiji ba.

Tambaya: Wata uku da biki zobena ya daina walƙiya, kuma in na taɓa dutsen yana ɗan motsi. Jabu ne? (Amarya daga Karu)

Amsa: Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Dushewa ba alamar jabu ba ce. Daimon yana kama maiƙo: man shafawa, man kaɗanya, man girki, duk suna taruwa a ƙarƙashinsa su toshe hanyar haske. Ki zuba ruwan ɗumi a kofi, ki ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa, ki jiƙa zoben minti 20, ki goge bayan dutsen da tsohon burushin haƙori mai laushi, ki ɗauraye a cikin kwano, ba a bakin famfo ba. Sau ɗaya a mako biyu ya isa. Kada ki sa man goge baki ko toka, suna karce gwal. Bilic kuwa yana cin ƙarafan da aka gauraya gwal da su, haƙoran su yi rauni su karye, don haka ki cire shi kafin wanki da wankin banɗaki. Haka kafin ƙunshi, kwaɓin fulawa da daka. Tauri ba ya hana daimon ɓallewa in ya bugi taɓarya ko bakin tukunya.

Motsin shi ne abin gaggawa. Ki cire zoben yau. Ki kai shi kusa da kunne ki ɗan ƙwanƙwasa da farce, in kin ji ƙas-ƙas, haƙori ya buɗe. Alama ta biyu ita ce ya riƙa kama zaren mayafi. Ki sa shi a 'yar leda mai zif, ki kai wa maƙeri ya matse haƙoran a gabanki, aikin mintuna kaɗan ne. Kafin ki miƙa da bayan kin karɓa, ki duba lambar da ke ƙugun dutsen. In haƙora huɗu ne kuma hannunki ba ya rabo da aiki, ki tambayi kuɗin mayar da su shida, ko a yi masa ɗaurin da gwal ke zagaye bakin dutsen gaba ɗaya. Bayan haka a riƙa duba shi duk wata shida.